Lambar da ke Ƙarƙashin Batir: Ta'aziyyar Yayana Mai Gyaran Rediyo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha tara ga watan Yuli, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayana mai gyaran rediyo, a gadon asibiti, bayan gajeriyar jinya. Na so in rubuta wannan ta'aziyya kaina a ɗage, Yaya, amma ga shi ina rubuta ta a sunkuye.

Duk wanda ya san layin nan ya san shagonka: teburin da ƙarfen liƙi ya ƙone wa baki, gwangwanayen da ka cika da ƙananan kusoshi, tabarau a kan hanci, da bencin da tsofaffi suka mayar majalisa. Ni kuwa ban taɓa shiga ban yi faɗan ƙura da tarkace ba, shi ya sa ka raɗa mini Alƙaliya. Kana hango ni za ka ce wa mutanen benci su gyara zama, kotu ta iso.

Cikin duk kayan aikinka, babu abin da kake ji da shi kamar rediyon nan da ake kira sikana, wadda take yawon neman tasha da kanta har ta kamo maganar masu kashe gobara ko ta matuƙan jirgin sama. Kai ka koya mana cewa lambar da kamfani ke bugawa a jikinta ba ado ba ce. Harafin farko yana nuna inda aka ƙera ta, lambobi biyun da ke biye shekara ce, sauran kuma matsayinta a layin 'yan uwanta. Ka ce irin taka, duk wadda lambar matsayinta ta fara da bakwai tana kamo maganar jirage, amma daga takwas zuwa sama kamfanin ya toshe wannan hanya, ko da a ido kamar tagwaye suke. Kuma lambar tana wuri biyu, a marfin baya da kuma ciki, ƙarƙashin batir. Kakan ce marfi riga ne, ana iya aron riga, amma ta ciki da ita aka haife ta.

Akwai wani dattijo a bayan layinmu da ake kira Baban Hasumiya, saboda 'yarsa tana aiki a hasumiyar filin jirgi, ita ke ba matuƙa izinin sauka da tashi. Ƙafa ta ɗaure shi, ido ya yi rauni, 'yar kuma aiki ba ya barin ta zuwa sai jefi-jefi. Ya sayi sikana don ya riƙa jin muryarta, sai aka yi rashin sa'a tasa mai takwas ce. Da ya kawo maka kuka, ka juya ta, ka karanta lambar, ka shiga ciki ka ɗauko taka mai bakwai ka miƙa masa, ka riƙe tasa. Ranar na yi maka faɗa sosai. Na ce kyauta ma da hankali ake yin ta, mutum ba ya raba abin da ba zai sake samu ba. Ka bar ni na gama, sannan ka ce, "Alƙaliya, ni jirage nake ji. Shi kuwa 'yarsa yake ji."

Babban ɗana a gabanka ya tashi. Da mahaifinsu ya rasu, kai ka zame musu bango. Kai ka ɗora masa sukudireba a hannu, ka koya masa karatun lambobin nan har ya fi ni iyawa, kana kiran sa Sarkin Sauri don ba ya iya jiran gyara ya huce. Yau magidanci ne mai 'ya'ya, kuma na sha tsayawa a gaban mata ina cewa a cikin tarbiyyata babu maƙaryaci.

Kafin ka kwanta ciwo, dattijon ya aiko da rediyonsa ka canza mata lasifika. Ka gyara, ka ajiye ta kusa da taka, ajali bai bar ka ka mayar ba. Da aka natsa da karɓar gaisuwa, matarka ta ba ɗana mabuɗin shago ya mayar wa kowa kayansa. Ya kai wa dattijon rediyo. Washegari sai ga bawan Allah ya dogaro sanda har ƙofar gidana, rungume da ita. Bai zargi kowa ba. Cewa ya yi tun safe yake kunnawa bai ji ko jirgi ɗaya ba, yana tunanin ko an samu kuskure wajen ɗauka.

Na kira ɗana. Ya juya bayan rediyon ya nuna mini lamba, ga bakwai nan ɓaro-ɓaro. Ya ce wataƙila tsufa ne ya kama ta. Ni kuma, Yaya, maimakon in bincika, sai na hau dokin zuciya. Na ce wa mutumin da ya girme mu duka bai kamata ya shigo gidan makoki da zato ba, kuma ɗana ba ya taɓa kayan mutane. Ya ba ni haƙuri, shi da aka cuta, ya juya zai tafi.

Yana kaiwa bakin ƙofa maganarka ta faɗo mini. Na ce, "Baba, dakata." Na karɓi rediyon, na zare batir, na matsa wajen haske. Takwas ce. Ɗana ya musanya marafan, ya riƙe mai bakwai a ɗakinsa. Saurin nan nasa ya sa ya manta da rabin karatun da ka koya masa.

Da na tsare shi da ido, ya ce ai asalinta ta Kawu ce, abin tunawa yake so. Na ce masa wanda yake son tunawa da kawunsa halinsa zai ɗauka, ba abin da ya riga ya kyautar ba. Kyautar da mamaci ya yi da hannunsa ba gado ba ce. Ilmin da aka ba ka amana, ka juya ka cuci mai rauni da shi, wannan ya fi satar jahili muni. Ina faɗa ina jin maganar tana dawowa kaina, domin ni ma yanzun nan na gama yanke hukunci ba tare da duba shaida ba, ni da kake kira Alƙaliya.

Ban yarda a aika wa dattijon da mai bakwai daga baya ba. Na sa shi ya ɗauko ta, muka raka dattijon har ɗakinsa, ɗana ya durƙusa a gabansa ya kwance marafan ya mayar da kowanne mazauninsa. Aka kunna. Ta yi ta shuu tana nema, can sai ga muryar mace, a natse, tana ba wani jirgi izinin sauka. Dattijon ya kara ta a kunne. Da na buɗe baki zan nemi gafara, ya ɗaga mini hannu.

"'Yata, marfi ne ya ɓata hanya, ga shi ya dawo. A bar maganar, kada ta kai kunnen matar marigayi tana cikin wannan hali."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Matarka kuwa ni da kaina na je na gaya mata, kuma da izininta da na ɗana nake rubuta wannan, don ya ce gara a sani ya huta da ɓoyo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da mutanen benci da suka rasa wurin zama, da Baban Hasumiya wanda ya ce kullum ya ji muryar 'yarsa sai ya yi maka addu'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya shirya mini ɗana, Ya shirye ni tare da shi. Ranar da za a cire wa kowa marfi a duba abin da ke ciki, Allah Ya rufa mana asiri kamar yadda dattijon nan ya rufa mana. Amin.