Darasi na Shida a Tsohon Aji

Wata Laraba da hantsi cikin watan Nuwamba, a farkon shekarun 1990, ina ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, a Dogarawa, malaminmu da muke kira mushe ya aike ni rijiya in ɗebo ruwan goge allo. Hanyar ta bi ta gefen tsohon aji, wani ɗakin ƙasa da aka daina shiga tun da rabin rufinsa ya rufta. Jemagu ne a ciki, kuma mu yara mun yarda da cewa gidan iskoki ne. Ko ƙwallon tsumma ya faɗa can, barinsa ake. Ina zuwa daidai ƙofar sai na ji muryar mace tana koyarwa. Ta yi tambaya, ta yi shiru, can ta ce, "To, mu ci gaba." Na leƙa. Bencina uku ne a jere, ba kowa a kansu. Na yar da guga na ruga.

Muryar Madam Zainabu ce, unguwarzoma daga gidan likita na Malbaza. Kowace Laraba takan zo da wasu manyan kwalaye masu zane, darasi goma da aka tsara wa ƴan mata a kan jikinsu da yadda za su tsare kansu daga ɗaukar ciki da ƙuruciya. Biyar na farko mun yi su a ƙarƙashin itacen bedi, muna rufe fuska da kallabi muna dariya. Da aka zo na shida, wanda ke bayanin yadda ciki ke shiga, sai iyaye suka je wurin darakta. Ya roƙe ta ta tsallake shi. Ta ce, "Mushe, goma aka ba ni, goma zan koyar, kuma a jere." Sai aka hana mu zuwa, aka ce in ta nace, ga tsohon aji can.

Ta kuwa nace. Mako bayan mako muryarta na fitowa daga ɗakin nan, da ƙarfi kamar tana gaban mutum ɗari. A gida, wurin sussukar gero, mata suka fara cewa aljanu take karantarwa. Muna wasan carafke, da mun hango ta ta sauko daga motar siminti sai mu watse. Innata ta ce ko inuwarta kada in taka.

Ranar darasi na takwas ba a yi lakwal ba, akuyarmu kuma ta tsinke ta shige gonar dawar da ke bayan ɗakin. Na bi ta, ganye na yankar hannuna. A gindin bango, ƙarƙashin fasasshiyar taga, sai na ga ƴan mata shida a tsugune, farantan tallansu a ƙasa, ba mai motsi. Waɗanda aka cire daga lakwal ne, masu sayar wa direbobi abinci a bakin hanya. Cikinsu har da Yaya Rabi, ɗiyar baffana. Ta fizgo ni ta toshe mini baki. Muka zauna har aka gama. Sau uku Madam ta yi shirun nan nata, dawa kawai ke kaɗawa, jemagu na ƙara a sama.

A hanya na tambayi Yaya Rabi wa Madam take jira ya amsa. Ta ce, "Wallahi ba mu ba ne. Ba wadda ta taɓa buɗe baki."

Laraba ta ƙarshe na yi ƙarfin hali na tare Madam tana ɗaure kwalayenta. Ta ce ta san da masu bayan bango tun ranar farko, don su take ɗaga murya. Na ce to shirun fa? Ta daɗe tana kallon bencin gaba. Sannan ta ce, "A Alela an taɓa roƙona in tsallake na shida, na tsallake. Akwai wata Indo, sa'arki, mai yawan tambaya. Bayan shekara a hannuna ta cika, ita da jinjirin. In na zo inda za ta tambaya, sai in tsaya mata."

Yaya Rabi ta ci gaba da tallanta lafiya, sai da ta kai ashirin ta yi aure, ita ce ma ta zaunar da ni ta ba ni darasi na shida da na bakwai a bayan rumbu, kalma bayan kalma.

Yanzu a lakwal ɗin jikata masu wannan aiki kan zo da mota da lasifika, su yi rabin yini, a ɗauki hoto, su wuce. Yaran sun fi mu wayo, ba sa tsoron komai. Amma da na tambayi jikar tawa abin da aka ce musu, sai ta ce ba a kai ƙarshe ba, baƙin suna sauri. Ni dai ban sake ganin mai jiran yaro ya yi tambaya kamar matar nan ba.