Sunan da Baba Nathaniel Ya Raɗa wa Ruwan Sama

Baba Nathaniel na yankin Kachalla Sembe ya yi shekara talatin a ofishin gona yana auna ruwan sama. Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi inuwa da rediyo kamar sauran tsofaffi, sai ya koyi rubuta manhajar kwamfuta. Ya haɗa wata 'yar ƙarama: ka ba ta lissafin ruwan da aka yi, ta faɗa maka ranar shuka masara. Manoma daga Sunkani har Lau suna bugo waya, shi kuwa yana amsawa kamar shi ya aiko da hadarin.

Sai ya fara gani dishi-dishi. Likita ya ce nan da damina biyu karatu zai gagare shi. In ba wanda ya fahimci rubutun, manhajar za ta tafi tare da idon.

Ya tara ɗalibai bakwai a gindin mangwaro. Cikin wata guda, shida daga cikinsu suka tuna suna da uzuri. Saura Saliha, malamar firamare, ita ma wata Litinin ta zo da niyyar sallama.

Laifin na Baba ne. A irin wannan rubutu, duk lambar da za a ajiye sai an raɗa mata suna. Wani zai rubuta "zafin rana". Baba ya rubuta Barnabas, marigayi abokinsa mai saurin fushi. Kwanakin fari sunansu Lau, don can aka taɓa tura shi wata shida ba ko wasiƙa. Ruwan sama kuwa Jemima, marigayiya matarsa, wadda ba ta taɓa isowa a lokacin da ta faɗa ba, amma in ta iso gidan duk sai ya yi sanyi.

"Baba, nan an ce in Jemima ta fi Barnabas a cire Lau," in ji Saliha. "Ni wa na sani a cikinsu?"

Ya yi dariya har da share ido, ya roƙe ta mako ɗaya.

Kullum da la'asar ta karanta layi da ƙarfi, shi ya lumshe ido ya ba da labarin mai sunan, ganyen mangwaro na saukowa a hankali. Ita ta goge, ta sa suna na gane-gane, ta rubuta bayani a sama da Hausar kasuwa. Layi mai tsawo ta yanka shi uku. Barnabas ya tafi ba gardama, abin da bai taɓa yi ba yana raye.

Ranar Asabar saura Jemima, a wuri arba'in. Baba ya ɗaga kai yana kallon duwatsu, inda gajimare ya taru fari-fari kamar zanin da aka shanya. Hankalinsa ya daɗe a can kafin ya dawo.

"Goge, 'yata. Na baya ba su san ta ba."

Ta canza duka arba'in ɗin. Sannan a layin bayani, wanda kwamfuta ke tsallakewa sai mutane ke karantawa, ta ƙara wani abu, ta karanta masa: "Yawan ruwan sama. Baba yana kiransa Jemima. Yakan makara, a yi haƙuri da shi."

Ta danna maɓalli da kanta, manhajar ta ce a yi shuka ranar Talata. Wayar Baba ta yi ƙara, wani manomi ne daga Sunkani. Ya laluba aljihu, ya miƙa mata wayar.