Ba Mu Cika Ba

Ni tun farko ban so tafiyar ba. Ƙanena ne, mai aikin gwamnati a Kazaure, ya matsa wai mu kwaso iyali daga Roni mu je bakin dam shan iska. Mutumin da yake wuni a gona, wace iska ce bai sha ba? Amma Inna ta ce tana son ganin ruwan, shi ke nan bakina ya mutu.

Ƙarshen damina ne, dam ya cika har ya shanye gindin duwatsu. Muka kama wata siririyar hanya muna hawa, ƙanena a gaba yana ta ɗaukar hoto, ni ina riƙe da hannun Inna, matata a baya da yara huɗu. Duk inda na taka sai tsakuwa ta gangara, in ji faɗawarta cikin ruwa.

Mun yi nisa sai matata ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ba mu cika ba."

"Me bai cika ba?"

Ta dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Na ƙirga yara, uku. Babbar ce babu, 'yar farinmu mai shekara tara.

"Tun yaushe?"

"Tun wajen kukar can."

Kukar kuwa mun daɗe da baro ta. Ashe matata ta ga yarinyar ta ratse wajen ruwa, amma alkunyar 'yar fari ta hana ta magana a gaban surukarta. Tana jira ko wani zai lura.

Na saki Inna na gangara, rabi da ƙafa rabi da gindi, ina ƙwala kira. Shiru. Wani masunci yana gyaran komarsa a baki, na tambaye shi, ya ce bai ga kowa ba, amma gefen nan rami ne. Wa ya tambaye shi wannan? Kowane baƙin abu na hango a ruwa sai in zaci ita ce.

Can sai na ji murya daga sama. Matata ce, ta kama sunan yarinyar da dukkan ƙarfinta, har sau uku. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Sai ga yarinyar daga bayan wani dutse, hijabi cike da ɗinya. Tana jin kirana, tsoron duka ya sa ta laɓe.

"Baba, ashe Umma ta san sunana?"

Na ɗaga hannu, na kasa sauke mata shi.

Da muka hau, Inna tana taɓe baki. "Matan zamani! Sunan 'yar fari, gatsal, a gabana."

Na ce, "Inna, Allah Ya ba ki haƙuri. Da ta ƙara jin kunyarki kaɗan, da yanzu masunta ke lalubo mana ita."

Kwana uku Inna ba ta amsa gaisuwata ba.