Tabon da ke Huhun Umma

Ranar wata Lahadi ce cikin watan Yuni, ina da shekara tara, kwananmu goma sha ɗaya da sauka a Doha, Abba ya ce yau ne gwajin lafiyar Umma. Shi ya riga mu zuwa da shekara biyu, yana aikin injiniya a wani kamfanin iskar gas, kuma shi ne kafil ɗinmu, wato shi ya tsaya mana a gaban hukuma. Amma tsayawarsa kaɗai ba ta isa ba. Sai an ɗebi jinin Umma, an ɗauki hoton ƙirjinta, an tabbatar ba ta ɗauke da cuta mai yaɗuwa, sannan a ba mu takardar zama. Ni ƙuruciya ta ɗauke mini gwajin, rakiya kawai na yi. A bakin ginin aka raba mu, maza can, mata nan. Na riƙe gefen mayafin Umma muka shiga wani ɗaki mai sanyi kamar randa, cike da mata iri-iri, kowace da lambarta a hannu. Umma ba ta jin Turanci sosai, amma ta koyar a Islamiyya a Zariya, don haka da Larabcin littafi ta yi wa ma'aikaciyar magana. Matar ta yi dariya har ta kira 'yar uwarta ta zo ta ji. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ce, "Khalas." Muka koma gida ina murna da an gama.

Ashe ba a gama ba. Bayan 'yan kwanaki Abba ya dawo daga aiki bai ko cire takalmi ba ya zauna a bakin kujera. An ga wani tabo a huhun Umma, ana son ta koma. Idan tarin fuka ne, zamanmu ya ƙare tun bai fara ba.

Gidan da muke ciki a Al Wakrah, wani gari kusa da Doha, babba ne, iyalai uku ke raba shi, da tsakar gida mai daɓen siminti da bishiyar dabino guda. Maƙwabciyarmu Anti Rabi, Bakatsiniya, ta daɗe a ƙasar kuma tana ƙaunarmu ƙwarai. Da ta ji labari ta shigo da kwalin madara biyu, ta ce a sha da yawa kafin a koma, wai tana wanke hoton ƙirji. Sannan ta rage murya: "Malama, in sun tambaye ki, ki ce ba ki taɓa ko mura mai nauyi ba." Umma ta yi godiya ta karɓi madarar, ta dama mana kunu da ita. Game da ɗaya shawarar kuwa, nuna ni ta yi ta ce, "Rabi, in na ɓoye wa likita ai Hafsatu na ɓoye wa. Iska ɗaya muke shaƙa da ita."

Da muka koma, wata likita ce 'yar Sudan, dattijuwa mai tabarau, ta ɗora hoton a jikin fitila ta nuna mana wurin, ɗan fari-fari kamar an ɗiga koko. Umma ta ba ta labari tiryan-tiryan. Tana budurwa a ƙauyensu, ruwan sama ya dake ta a gonar gyaɗa, ciwon haƙarƙari ya kwantar da ita wata guda a asibiti, kuma ba ta san sunan da likitocin suka ba ciwon ba. Likitar ta rubuta komai, ta ce za a karɓi majinar ƙirjinta safiya uku a jere, sannan a jira makonni.

A wannan jiran ne na san wace ce uwata. Tun ranar ta ware kofinta da cokalinta da farantinta, ta ɗaura wa kofin jan zare. Ta daina kwana ɗaki ɗaya da ni. Kitson da take yi mini duk Juma'a, kaina a cinyarta, ta miƙa shi ga Anti Rabi, wadda hannunta ke da zafi. Na yi fushi, na ƙi cin abinci, ina ganin Umma ta daina sona. Ba ta rarrashe ni da ƙarya ba. Daga bakin ƙofa take tsayawa ta ce, "Haƙuri, uwata. Ina ganinki daga nan."

Amma ba ta zauna zaman makoki ba. Ta sa Abba ya samo bokitan fenti, ta cika su da ƙasa, ta shuka rama da alayyafo, ta ba ni aikin ban ruwa safe da yamma. Abba ya ce, "Ke da ba ki san ko za mu kai wata ba?" Ta ce, "Wanda ya zauna ya ci." Da la'asar, in rana ta yi sauƙi, takan zana mana gidajen 'yar gala-gala da alli a kan simintin, ni da 'ya'yan Anti Rabi da wata yarinya 'yar Masar da ke sama. Ita tana can nesa a gindin dabino, tana gyara mana karatun Ƙur'ani in mun gaji da tsalle. Ranar Juma'a Abba kan kai mu bakin teku mu ga jiragen katako na masunta. Ko a motar, a baya take zama, gilashi a buɗe, duk da zafin nan.

Ranar da sakamako ya fito, ni na ƙi sakin mayafinta har ɗakin likita. Dattijuwar ta cire tabarau ta ce babu cuta, tsohon tabo ne kawai, ta buga hatimi a takarda. Umma ba ta yi guɗa ba. Durƙusawa ta yi a gaban mutane ta rungume ni, ta sa hancinta cikin kitsona ta daɗe a haka. Sai a lokacin na ji jikinta yana rawa. Makonni bakwai tana ɗauke da tsoron nan, ko sau ɗaya ban gan shi a fuskarta ba.

Yau shekaruna sun kusa nata na wancan lokaci. Abba ya yi ritaya, sun koma Zariya, ni kuma na tsaya a Doha ina aiki. Yanzu sakamakon gwaji a waya yake shigowa, saƙo mai layi biyu, mutum ya karanta yana tuƙi ko yana cefane. Tsohon gidanmu an rushe shi, dogon gini ya hau wurin. Duk Juma'a nakan kira Umma, ta tambaye ni ko ina cin abinci, in ce ina ci, ta ce fuskata ba ta nuna ba. Ni ma na koyi faɗa mata gaskiya, ko da ba ta da daɗi. A wurinta na gada.