Wardin Bayan Shagon Kar-a-yar

Mijin yayata bai taɓa yar da komai ba a rayuwarsa, shi ya sa duk layinsu ba mai kiransa da sunan yanka sai Kar-a-yar. Sana'arsa gyaran kayan wasa da kayan kiɗa. Ƙwallon da ta fashe, raket ɗin wasan tanis da zarensa ya tsinke, jitar da wuyanta ya karye, gangar da fatarta ta yage, duk wurinsa ake kawowa. Abin da ya gyaru ya mayar wa mai shi, wanda bai gyaru ba ya rataye a bango. Shagon a gaban gidan yake, kuma in za ka shiga sai ka sunkuya, in ba haka ba wata tsohuwar sarewa ta gaishe ka a goshi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙin tarkace. Ina zuwa gidan, tun ban ajiye jaka ba na fara neman tsintsiya. Shi kuma da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Jama'a a ɓoye dukiya, ga Sufeto nan!"

"Dukiya ko bola?" in ce masa.

"Bolar yau ce maganin gobe, Sufeto."

Abin haushi, sau da yawa gaskiyarsa ce. Akwai wani alƙalin wasa da ciwon asma ya hana shi busa usur, har ya fara shirin barin fili. Kar-a-yar ya ciro robar tsohon hon ɗin keke ya haɗa ta da usur, mutumin ya koma matsawa da hannu, ƙarar kuwa har bayan raga. Da ƙafar keken ɗinkin da na yi shekaru ina roƙonsa ya sayar wa 'yan gwangwan ya yi famfon hura ƙwallo, yana takawa hannunsa na kan wani aikin. Bai taɓa cewa ya ƙirƙiro abu ba. Sai dai ya sosa ƙeya ya ce, "Na ɗan haɗa ne."

Yaya kuma nata haukan na fure ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tsakar gidansu kaf ta cika shi da tukwanen wardi layi-layi. Ba shuka kawai take yi ba, aure take haɗa musu. Da sassafe za ta zauna a kujera 'yar tsuguno da ɗan buroshin fenti, ta ɗebo garin nan mai ruwan ɗorawa daga cikin wannan fure ta shafa a tsakiyar wancan, ta rufe shi da takarda don kada zuma ta yi mata shisshigi. In ya yi 'ya'ya ta cire irin ta sa a firji, kusa da madarar yara, sai ya sha sanyi ya ƙoshi kafin ta shuka. Abin da take nema guda ɗaya ne: wardi ja mai duhu wanda bakin kowane ganyensa fari ne, kamar an bi shi da zare. Tun tana amarya take binsa, har 'yarta ta fari ta yi aure bai fito yadda take so ba.

Kuma Yaya ba ta da sassauci. Duk tsiron da ya buɗe furensa na farko ta ga ba launin ba ne, nan take take tuge shi. "Wuri ba zai isa a yi wa kowa adalci ba," in ji ta. Sai ta tara su a bokiti ta miƙa wa mijinta ta ce, "Baban yara, a kai bola." Shi kuma ya karɓa ya ce to, ya fita.

Ana nan Yaya ta fara cin karo da tukwanenta. Da farko ta ɗora wa yara laifi, wai suna matsar mata da su. Da aka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci nisa, magani zai rage masa gudu amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Ganin nata ya riƙa tsukewa daga gefe, kullum ƙofar na ƙara ƙanƙancewa. A hanyarmu ta dawowa ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Abin da kawai ta ce shi ne, "Auta, ina da tsirai a layin ƙarshe da nake kyautata wa zato. Allah ya sa su riga idon nan."

Tun daga ranar kowa a gidan ya san tseren da ake yi. Fure ba ya jin lallashi, ido kuma ba ya jira.

Kar-a-yar bai iya magana mai daɗi ba, ko gaisuwar mara lafiya sai ya haɗa da zancen ƙusa. Abin da ya yi shi ne ya rufe shago ya kwaso tsofaffin zaren raket da ya tara, ya ƙulla su, ya ja ɗaya a kan kowane layin tukwane daidai tsayin ƙugu. Bakin kowane zare ya ɗaure shi a jikin fasasshiyar jita ko gwangwanin fenti, ya ɗame shi da kunnen jita har kowane layi ya sami muryarsa. Na bakin ƙofa mai kauri ne kamar gyaran muryar dattijo, na ƙarshe siriri. Yaya ta kama zare ta bi, in ta rikice ta ɗan taɓa shi da yatsa, sautin ya gaya mata inda take. Na daɗe ina yi wa mutumin nan tsiya, amma ranar da na ga Yaya tana yawo cikin furanninta ba mai riƙe mata hannu, wallahi ji na yi duk duniya ba injiniya kamarsa.

Hannunsa kuma ya zama nata. Mutumin da ya saba da guduma ya koyi riƙe buroshi, tana tsaye a kansa tana faɗa. "A hankali mana, Baban yara, ba fatar ganga ba ce!"

Idon ne ya riga. Lokacin da tsiran layin ƙarshe suka fara kumburo kai, Yaya ba ta bambance komai sai haske da duhu. Wata safiya aka aiko mini in zo maza. Na tarar da su tsaye a kan tukunya ɗaya, furen ya buɗe, ja mai duhu, bakinsa fari tas kamar an bi shi da zare. Shi ne dai, ba ko tantama.

"Auta, gaya mini gaskiya," in ji Yaya. "Shi wannan ko baƙin fure ya gani zai ce ya yi kyau."

Na gaya mata komai, har yadda farin ya ɗan shiga cikin jan. Ta shafa shi da yatsa, ta sunkuya ta kai hancinta. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ce, "Ba ya ƙamshin komai." Ta yi 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo. "Shekara da shekaru ina zaɓen launi, ban taɓa tambayar hancina ba. To, ku kun samu fure."

Muna tsaye iska ta kaɗo daga wajen shago, sai na ga Yaya ta juya kai.

"Wa ya fesa turare?"

Ba wanda ya fesa. Ta saki zaren ƙarshe ta miƙa hannu gaba, ta nufi ƙyauren langa-langan da ke rufe lungun bayan shago, inda Kar-a-yar ke jibge abin da ko bangon shagon ya ƙi karɓa. Ni kaina ban taɓa leƙa wurin ba, don na san hawan jini zan samu. Shi kuwa sai ya hau tari yana cewa akwai ƙusoshi a ƙasa. Na ture ƙyauren.

Lungun cike yake da wardi. A cikin ƙwallayen da aka raba biyu, a cikin gangunan da ba fata, har a cikin hular kwanon masu tsere. Duk tsiran da Yaya ta yanke wa hukunci tsawon shekarun nan suna nan da ransu, wasu sun fi ni tsayi. Hali zanen dutse: bokitin bai taɓa isa bola ba.

"Baban yara," in ji Yaya, "me nake ji haka?"

"Na kai su har bakin bola," ya ce yana kallon ƙasa. "Hannuna ne ya ƙi saki. Ba abin da suka yi, launi ne kawai ba su iya ba."

Yaya ta bi hancinta yana janye mata tarkace daga gaba, har ta tsaya a kan wata tsohuwar ganga. Furen da ke ciki ba abin kallo ba ne, ni shaida ce. Amma ƙamshinsa ya cika lungun, mai sanyi, da ɗan kaifi kamar an kankare bawon lemo. Ta rungumo reshen da hannu biyu, ƙaya na sukarta ba ta kula ba, ta tura fuskarta ciki. A nan ne hawayen da ta hana kanta tun daga asibiti suka zubo.

"Wane launi ne, Auta?"

"Yaya, fari ne da ya sha wanki. Duk ya koɗe."

"Wannan ku ta dama," ta ce tana share fuska da bakin mayafi. Ta lalubo hannun mijinta ta riƙe gam. "Gobe za mu haɗa shi da jan can, ko Allah zai ba mu wanda ni da ku za mu raba, ni ƙamshi ku launi. Kana da sauran zare?"

Kar-a-yar ya dube ni, bakinsa har kunne. "Sufeto, kin ji tambaya? Wai ko ina da saura."

"To ja mini ɗaya daga ƙofar ɗakina zuwa nan," in ji Yaya. "Ka ba shi muryar da ta fi kowace daɗi."