Feg Biyu Daga Igiyar Shanya

'Yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, ina tuƙa tsohuwar motar wata masana'anta a Kudenda. Lokacin ne aka matsa mana da maganar ɗaura bel ɗin kujera. Mu direbobi sai muka samo dabara: ka jawo bel ɗin ya yi sako-sako, ka danne shi daga sama da feg ɗin shanya. Jami'in hanya zai hango ka a ɗaure, kai kuwa kana shan iska. Na sa ɗaya a kujerata, ɗaya a ta gefe.

Wata Asabar na ɗauko yayan matata daga unguwar Television, za mu gaisuwar rasuwa a Mahuta. Tela ne, mai tumbi da barkwanci. Da ya ɗaura, bel ɗin ƙasa ya hau kan cibiyarsa maimakon ƙashin ƙugu.

Ya ce, "Direba, wannan igiyar akuya ce?"

Na ce, "Ɗaura dai, Yaya, kada a kama ni saboda tumbinka."

Wata bas ta fito za ta wuce tirela, muka yi taho-mu-gama. Na bugi sitiyari, haƙarƙarina biyu suka tsage, goshi ya fashe. Shi ko ɗigon jini babu. Shi ya jawo ni, shi ya kai ni asibiti. Nas ta ce a duba shi, ya ɗaga riga yana dariya, ga jan shati ya ratsa cikinsa.

"Bulala ɗaya ce, 'yata. Ku ji da mai jini."

Ya koma gida. Washegari ciki ya kumbura, sai amai. Matarsa ta yini tana gasa masa wurin da ruwan zafi. Da aka dawo da shi a rana ta uku, hanji ya riga ya tsage, ƙazanta ta cika cikin.

Likitan da ya duba shi ya same ni a gadona. Ya ce idan mota ta tsaya farat ɗaya, jiki ba ya tsayawa. Bel mai sako-sako yakan bar mutum ya yi gaba tukuna, sannan ya fizge shi, kuma tumbi ba shi da ƙashin da zai tare. Ya ce da babu bel ɗin, ta gilashi Yaya zai fita. Da ya kama shi a ƙugu, da wataƙila da ƙafarsa zai tafi gida. Ya tambaye ni ko bel ɗin ya lalace ne. Na ce ban sani ba.

Kwana biyu bayan an yi wa Yaya tiyata ya rasu.

Feg ɗin nan daga igiyar shanyar matata na ciro su. Ta neme su a wancan makon, na ce ban gani ba. Har yau ban gaya mata inda suka je ba.