Haɓar Zanen Inna Uwa

Duk wanda yas san Inna Uwa mai ƙuli-ƙuli a Goronyo ya san haɓar zanenta. Nan goro, nan allura, nan alewar jikoki. Ba ta yarda da jaka ba. "Jaka ana mance ta," in ji ta, "zane hwa?"

Tun da sunka baro Shinaka bayan harin 'yan bindiga, ɗanta Almustapha bai ƙara samun barci ba. Asibiti anka ba shi ƙwaya talatin, 'yan ƙanana. Inna taɗ ɗaure su kusa da ƙullin alewa. Kullum ta ba shi guda, sai ta ja layi da gawayi ga bango.

Ran nan da azahar tat tuɓe zanen suya tat ta da salla. Jikarta Hafiza, 'yar shekara ukku, ta san inda alewa take.

Tana sallamewa tag ga ƙulli kwance, yarinya na tangaɗi, ido na ruhewa.

Gida yar rikice. Uwar yarinya, Rukayya, sai kuka. Maƙwabciya Sauda ta iso da kwalbar manja.

"A ɗura mata ta yi amai!"

"Ke Sauda, tulu ta da za ki ɗura ma? Kauce!"

Sai Inna tat tsaya gaban bango tana bin layi da yatsa.

"Inna, mi kike kallo? Ɗiyata za ta mutu!"

Layi sha tara. Ƙwaya tara bisa tabarma. Ta kwashe su da takardar maganin, ta goya Hafiza, sai bisa kabu-kabu zuwa asibiti.

"Guda nawa tas sha?" in ji malamin asibiti.

"Biyu."

"Kin tabbata, Inna?"

"Yaro, boko na ban yi ba, ba lissahi ba."

Ya duba takardar, yac ce gara da ba a ɗura mata komi ba, da ta shaƙe. Anka kwantar da ita ana lura da numfashinta.

Washegari da hantsi Hafiza tab buɗe ido, tay yamutsa huska.

"Inna, alewarki ɗaci."

"Ɓarauniyar banza, wa yab ba ki?" Tana dariya, hawaye na zuba.

Yanzu maganin Almustapha na cikin akwati da kwaɗo. Makullin? Shina haɓar zane.